LADUBBAN WASIƘAR IMEL: JAGORA GA ƊALIBAI

Unguwar Idi-Araba, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Mushin a Jihar Legas, tana ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan Hausawa a Ikko, kamar Agege. A nan ne kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yake, wanda aka kafa a shekarar 1962, tare da Kwalejin Koyon Aikin Likita. Yaron da ya tashi a wannan unguwa yana kallon ƙofar kwalejin kullum, in yana da burin shigarta, to lalle sai ya iya rubuta wasiƙar imel. Haka abin yake ga ɗan'uwansa na Kano ko Sakkwato.

Dalili kuwa shi ne, Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta ɗungum tun 2015, kuma tana neman adireshin imel daga kowane mai yin rajista. Sa'an nan da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malamai da yawa suka koma karɓar aikin ɗalibai ta wannan hanya.

Mene ne imel?

Imel wasiƙa ce da ke tafiya ta intanet ba tare da ambulan ko kan sarki ba. Wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, shi ne ya fara aika irinta daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ da ake gani a kowane adireshi. Tana isa cikin ƙiftawar ido, amma ladabin da ke kan wasiƙar gidan waya yana kanta.

Abubuwan da ya kamata ɗalibi ya kiyaye

1. Adireshi. Ya buɗe shi da sunansa na yanka. Laƙabin da abokai ke kiransa da shi a dandali bai dace da takardar da za ta je hannun malami ko magatakardan jami'a ba. In makaranta ta ba shi adireshi nata, da shi zai yi aiki.

2. Kan magana. Kada ya bar gurbin fanko. Ya rubuta darasi da aji da abin da yake so, misali: "Aikin Lissafi, Aji Uku, Neman Ƙarin Lokaci". Malami yana samun wasiƙu masu yawa, wadda ba ta da kai ita ce ke ɓacewa.

3. Gaisuwa. Ya fara da sallama, ya ambaci malami da muƙaminsa: Malam, Malama, Dakta ko Farfesa. Gaisuwa layi ɗaya ta wadatar. Daga nan ya faɗi sunansa da lambarsa, ya shiga bukatarsa.

4. Harshe. Ya rubuta cikakkun kalmomi, ya guji gutsure-gutsuren da aka saba a saƙon waya. Rubutu da manyan baƙaƙe zalla ana ɗaukarsa tsawa ce.

5. Abin da aka liƙa. Ya sa wa takardar aikinsa sunansa, ya kuma tabbata ta liƙu kafin ya aika. Wasiƙa ba aiki a ciki, daidai take da rashin kawo aikin.

6. Haƙuri. Malami yana da iyali da sauran hidimomi. A ba shi kwana biyu ko uku kafin a tuna masa cikin ladabi.

7. Cikin aji. Ba a buɗe waya don karanta wasiƙa malami yana koyarwa, sai in shi ya umarta. In an aiko wa aji duka da saƙo, a mayar da amsa ga malami shi kaɗai.

Gargaɗi

Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta. Ɗalibin da ya fusata saboda maki, ya bari sai ya huce. Wasiƙar zagi ko barazana tana iya zama shaida a gaban kwamitin ladabtarwa, kuma Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai tsoratar da wani ta wannan hanya.

Haka nan kada ɗalibi ya bar wa mai shagon intanet kalmarsa ta sirri, domin wanda ya riƙe ta yana iya karanta wasiƙunsa ko ya hana shi shiga. Duk wasiƙar da ta nemi a tura kuɗi asusun wani mutum don a samar da gurbin karatu, ta 'yan damfara ce.

Ana roƙon iyaye da malamai da shugabannin unguwanni su taimaka wajen bayyana wa yara waɗannan ƙa'idodi tun kafin lokacin rajista ya zo.