Jirgin Sama Mai Sauka a Ɗan Fili: Me Zai Yi wa Mai Naƙuda a Gummi?

A garin Valdez da ke jihar Alaska ta Amurka, ana yin wata gasa a watan Mayu wadda ba gudu ake gwadawa a cikinta ba. Matuƙan ƙananan jiragen sama ne ke taruwa, kowa yana son nuna cewa nasa ne zai tashi ko ya sauka a fili mafi ƙanƙanta. A 2017 wani matuƙi mai suna Frank Knapp ya sauke jirginsa ya tsayar da shi cak a tazarar da ba ta kai ƙafa 11 ba. Ɗakin nan da magina ke kira sha biyu-sha biyu ya fi haka tsawo. Wanda ya ga bidiyon irin wannan sauka a waya zai rantse haɗi ne, domin jirgin yana zuwa ne a hankali kamar an rataye shi da igiya, ya dire, ya tsaya.

Ba haɗi ba ne, kuma ba siddabaru. An rage wa jirgin nauyi matuƙa, matuƙin ƙwararre ne, sannan ga babban mataimaki: iska mai ƙarfi da ke busowa ta gaban jirgin.

Fiffiken jirgi bai san gudun da tayoyi ke yi a ƙasa ba. Abin da ya sani kawai shi ne gudun iskar da ke ratsa shi. A ce wani ƙaramin jirgi yana buƙatar iska ta ratsa fukafukansa da gudun kilomita 70 a awa kafin ya ɗaga. Idan gari ya yi tsit babu iska, dole injin ya ja shi a ƙasa har ya kai 70 ɗin. Amma in iska tana tahowa ta gabansa da gudun 35, to tun yana tsaye an biya masa rabin kuɗin, saura 35 kawai zai nema. Abin mamakin shi ne filin da zai ci ba rabi zai koma ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Haka lissafin yake a wajen sauka. Duk wanda ya taɓa ganin shirwa ta tsaya wuri ɗaya a sama tana leƙen 'yan tsaki ya ga wannan ilimi da idonsa, domin iska take fuskanta. Ungulu ma in za ta tashi daga ƙasa, gefen da iska ke fitowa take juya ƙirji.

Littafin da kamfanin Cessna ke bai wa matuƙan jirginsa samfurin 172, wanda ake koyon tuƙi da shi a ƙasashe da yawa, ya sa wa abin lamba. Jirgin kan ci kusan mita 300 a ƙasa kafin ya ɗaga. Duk iskar gaba mai gudun kilomita 17 a awa tana rage kashi 10 cikin 100 na wannan tazara. In kuwa ta baya take busowa, 'yar iskar da ba ta wuce kilomita 4 a awa ba ta isa ta ƙara kashi 10. Wato iskar baya ta fi saurin cutarwa fiye da yadda ta gaba ke taimako, shi ya sa matuƙi ya gwammace ya zagaya ya fuskanci iska ko da hakan zai ci masa lokaci.

Mu a nan iskarmu ba ta da yawan wasa da hankali. Da hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, da damina kuma ta juya ta fito daga kudu maso yamma. Waɗanda suka shata titin jiragen filin Malam Aminu Kano da na Sultan Abubakar III a Sakkwato sun bi wannan layi ne, daga wajen gabas da arewa zuwa wajen yamma da kudu, don jirgi ya samu iskar gaba a kowane yanayi ta wannan kai ko wancan. Matar da ke shiƙar gero a bayan gari ta san wannan sarai, ba za ta tsaya inda ƙaiƙayi zai dawo mata a fuska ba. Jiragen farko da suka sauka a Kano a watan Nuwamba 1925, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar, ba su tarar da kwalta ba. A filin sukuwa suka sauka.

To me ya haɗa ma'aikaciyar jinya da zancen jirage? Lokaci. Abu na farko da ake cusa mana a darasin ungozoma shi ne cewa macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu in ba a tare shi ba. Jijjiga ba ta jira, doguwar naƙuda kuma in ta wuce iyaka mahaifa na iya fashewa. Akwai babban asibiti a Anka, akwai a Gummi da Bukkuyum, kuma ma'aikatansu suna ceton rayuka kullum. Amma akwai ciwon da ya fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma, sai an dangana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Daga Gummi zuwa Gusau sai an bi ta Daki Takwas da Anka, hanyar da ko mai lafiya sai ya yi addu'a kafin ya hau, kuma direbobi da yawa ba sa yarda su bi ta in rana ta faɗi. Na sha karɓar mace da asuba wadda aka yanke shawarar kawo ta tun magariba, sai dangi suka zauna jiran gari ya waye. Ba sakaci suka yi ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili.

A sama kuwa lissafin daban ne. Daga Gummi zuwa Sakkwato a miƙe kusan kilomita 100 ne, daga Anka zuwa Gusau bai kai haka ba. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya da ke gudun kilomita 200 a awa zai cinye wannan a cikin rabin awa.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana abin da nisa ke yi. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta zo da maganin fitar da gubar, amma isa ga yaran da kansa wani aiki ne, musamman da ruwa ya sauka hanyoyi suka yanke. Bagega, wanda ya fi su yawan jama'a, sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agusta 2024 ta sake tuna mana cewa damina ɗaya na iya raba gari da sauran duniya.

Ba sabon tunani ba ne. Ostireliya ta fara tura likita a jirgi zuwa ga makiyayan daji tun 1928, kuma masu gonakin ne da kansu ke kula da filayen saukar. A gabashin Afirka likitocin AMREF sun fara nasu a 1957. Kusa da mu, a ƙasar Hausa, asibitin Galmi da ke kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa a Nijar yana da ɗan filin saukarsa, ƙananan jirage na kawo likitoci da kaya daga Yamai. Abin da irin wannan jirgi ke nema shi ne miƙaƙƙen fili na burji da bai kai kilomita ɗaya ba, marar rami, marar doguwar bishiya a kowane kai, da wata jakar ƙyalle a kan sanda mai nuna inda iska ta dosa.

Sai dai kada bidiyon Alaska ya ruɗe mu. Jirgin gasa mutum ɗaya ne a ciki da ɗan man da zai ishe shi mintoci, kuma ana yin ta ne a bakin teku cikin sanyi, inda iska ke da kauri. Jirgin da zai ɗauki mai jego a kwance, da nas, da tukunyar iskar numfashi, da mijinta ko uwarta (don babu Bahaushiyar da za a ɗauka ita kaɗai), ya yi nauyi. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana sa iska ta yi shara-shara, fiffike ya rasa abin riƙo, injin ma ya rage ƙarfi, sai filin da ake buƙata ya ƙaru. Shi ya sa matuƙin kirki ba ya auna fili da iskar da yake fata, yana auna shi ne kamar babu iska ko kaɗan, in ta zo kyauta ce. Kuma ba kowace iska ce abokiya ba. Wadda ke gaban hadari, mai tahowa daga gabas tana yaye kwanon ɗakuna, tana zuwa ne a fizge. Jirgin da ya rage gudu yana dogara da ita, in ta ɗauke farat ɗaya yana dab da ƙasa, faɗowa zai yi. Ta gefe kuma tana ture shi daga layi. Hunturun da ke ba da iskar gaba mai kyau shi ne kuma ke kawo hazo, wanda ko manyan jiragen Kano yakan hana tashi.

Babban shingen ma ba iska ba ce. Bayan sace ɗalibai mata na Jangebe a ƙarshen Fabrairu 2021, Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara a farkon Maris, bisa zargin ana amfani da su wajen kai makamai da kwashe zinariya. Duk wanda zai kawo zancen filin sauka a Bukkuyum ko Anka, da wannan zargi zai fara cin karo, kuma jirgi mai tafiya ƙasa-ƙasa a hankali abin hari ne mai sauƙi. Babu yadda za a yi wannan aiki sai da izinin jami'an tsaro da gadinsu. A 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da ginin babban filin jirgi a Gusau. Ina murna da shi, amma babban fili a Gusau kai ɗaya ne na igiya, matar Gummi tana ɗaya kan.

A ganina, abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne wanda Kaduna ta fara a 2022 da jiragen Zipline marasa matuƙi. Waɗannan ba su buƙatar titi ko kaɗan: wata na'ura ce ke cilla su sama kamar gwafa, su je su saki kwalin jini ko magani da 'yar lema a harabar asibiti su koma. Ruwanda ta fara a 2016, Gana ta bi a 2019. Maimakon a kai mace wurin jini, jinin ne ke zuwa wurinta. Amma nauyin da suke ɗauka bai kai kilo biyu ba, kuma ba za su yi wa kowa tiyata ba. Mai buƙatar likitan ƙoda ko ɗakin kulawa ta musamman dole dai ita ce za ta tafi.

Idan wata rana aka shata irin wannan fili a bayan garin Gummi, aikin yau da gobe ba na matuƙi ba ne, na mutanen gari ne. Sai an sami mai bin filin da ƙafa bayan kowane ruwan sama yana duba inda ƙasa ta zaizaye ko gara ta yi gini, da mai korar awaki da 'yan ƙwallo in an ji ƙarar jirgi, da mai waya da zai gaya wa matuƙi daga ina iska take busowa. In babu jakar ƙyallen, hayaƙin ɗanyen ganye a gefen fili yana yin aikinta. Sannan a ɗaya ɓangaren, sai an tabbatar motar asibiti na jira da mai a cikinta, kuma an riga an gwada rukunin jinin matar tun tana zuwa awo.