Masu Zuba Harsashi a Gida da Gubar da Idonsu Ba Ya Gani

A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa za ta hana sayar da mafi yawan harsasan dalma da amfani da su, ta kuma ba mafarauta wa'adin shekara uku su koma wasu ƙarafan. Ba ita ta fara ba. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, jihar Kalifoniya ta haramta ta a kowace irin farauta daga Yulin 2019, Tarayyar Turai kuma ta hana ta a fadamu da bakin tafkuna daga Fabrairun 2023. Muhawarar da ke biyo bayan waɗannan dokoki kusan kullum a kan tsuntsaye take tsayawa, da kuma naman dajin da ɓurɓushin harsashi ke maƙalewa a ciki. Akwai wani ɓangaren da ba a cika taɓowa ba, alhali shi ya fi kusa da rayuwar iyali, wato abin da ke faruwa a gidan mutumin da ke narka dalma da hannunsa don zuba harsashi.

A Amurka wannan aiki tsohon abin sha'awa ne, kuma doka ta yarda da shi. Kamfanoni irin su Lyman da Lee da RCBS suna sayar da tukwanen narkawa da mazuban ƙarfe masu siffar harsashi. Masu yi sukan tattaro dalma daga wurin masu gyaran taya, ko tsofaffin bututan ruwa, ko filin koyon harbi, su shafe harsasan da maiƙon da suka haɗa na kakin zuma ko kitse don kada dalma ta liƙe a cikin bututun bindiga. In an yi musu maganar guba, amsarsu ɗaya ce. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, ba ta tafasa sai ta kai wajen 1,749, tukunyarsu kuwa ba ta cika wuce 400 ba, saboda haka babu tururin da za a shaƙa. Lissafin daidai ne, tururin da ke tashi a wannan zafi kaɗan ne ƙwarai. Kuskuren yana wajen ɗauka cewa guba ba ta da wata ƙofa sai ta hayaƙi.

Babbar ƙofarta ƙura ce. Da zarar dalma ta narke ta haɗu da iska, wani datti mai launin toka yakan taso a samanta, irin wanda muke kira kashin maƙera, a kwashe shi da cokali a zubar gefe. In ya huce ya bushe sai ya zama gari mai laushi, cike da dalma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan injin niƙa ya san yadda mutum ke fitowa da gari a gira da hula da aljihu ba tare da ya ga lokacin da ya sauka a kansa ba. Haka wannan ƙura take, sai dai ita ba fara ba ce balle a lura a kakkaɓe. Maiƙon nan ma, da yake kaki ne da kitse, kamar ba shi da laifi, amma danƙonsa ne ke riƙe ɓurɓushin dalma a yatsu da ƙarƙashin farce bayan an taɓa ɗaruruwan harsasai. Daga yatsu sai burodi da sigari, daga riga da takalmi sai kujerar mota da shimfiɗar falo inda jariri ke rarrafe.

Wannan jaririn shi ne ke biyan bashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na dalmar da jikin babba zai tsotsa daga abu ɗaya, ga shi kuma komai ya taɓa sai ya kai baki. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin kalsiyam, ya buɗe mata hanya zuwa ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa, ya kuma ajiye ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Mace mai juna biyu, lokacin da ƙashinta ke sakin kalsiyam don ɗan tayi, yana sakin tsohuwar dalmar tare. Hukumar ta kuma ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauko da ma'aunin da take bibiyar yara da shi daga maikurogiram 5 zuwa 3.5 a kowace desilita ta jini.

Mu ba sai an kawo mana hujja daga ƙetare ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma, kuma ba wata tukunya aka ɗora a wuta ba. Duwatsun zinare masu ɗauke da dalma aka riƙa dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙura ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. A wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batiran mota. Garin Bagega na jihar Zamfara kuwa sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, domin kuɗin gwamnati sun daɗe ba su fito ba, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma ba za su iya yi wa yaro magani su mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi ba. Shekara uku a rayuwar ɗan yaye ba ƙaramin lokaci ba ne.

Wani zai ce kwatanta gareji ɗaya da garin masu haƙar zinare zuzutawa ce. Gaskiya ne yawan ƙurar ba ɗaya ba ne, kuma da wuya gareji ya kashe yaro. Amma hanyar da gubar ke bi ɗaya ce, ƙarancinta kuma ba ya nufin ba ta yi ɓarna ba. Wani kuma zai kawo misalin kakansa da ya yi shekara arba'in yana zubi ya mutu da tsufansa. Ƙaramar gubar dalma ba ta zuwa da amai ko farfaɗiya. A jikin babba takan fito a matsayin hawan jini da ciwon ƙoda, a jikin yaro kuma raunin fahimta da kasa natsuwa a aji, abubuwan da ba wanda zai danganta su da tukunyar kaka. Masu cewa buɗe taga ya wadatar sun magance hayaƙin da dama bai yi yawa ba, sun bar ƙurar a inda take. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne masu narka dalmar batir, domin dattinta in ya jiƙe yana iya fitar da iskar da ke halaka mutum.

Mutum yana da ikon zaɓar abin sha'awarsa, amma yaron gidansa ba a yi shawara da shi ba. Wanda zai taɓa dalma, a Amurka yake ko a kasuwanninmu inda ake fasa batir a fili, wajibi ne ya nisanta aikin daga inda ake ci da kwana, ya ware tufafi da takalmin aiki, ya share wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, ya wanke hannu da sabulu, ya hana yara da masu ciki kusantar wurin. Ido da hanci ba sa gano wannan guba, gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta, kuma hukumomin lafiyarmu suna da alhakin samar da shi a asibitocin da talaka ke iya kaiwa tun kafin a fara ƙirga gawarwaki.