Sauri ya haifi nawa: kafin a taɓa ƙwaƙwalwar kwamfutar shagonku

Kwanan baya wata hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Madarunfa ta kira mu a gidan rediyo tana neman shawara. Ta ce kwamfutar da ɗanta yake rubuta mata lissafin kaya da bashi ta yi nauyi, sai wani mai gyara a Maraɗi ya ce ta kawo jikka biyar ya shiga BIOS ya ƙara mata gudu. Shin ta ba shi? Mun ga ya kamata mu faɗaɗa amsar a nan, don ba ita kaɗai abin ya shafa ba.

BIOS, wanda a sababbin na'urori ake kira UEFI, shi ne ɗan tsarin da ke fara tashi in an kunna kwamfuta, tun kafin Windows ya buɗe, kuma galibi da maɓallin F2 ko Del ake shiga cikinsa. A can ne ake saita RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki. Ku ɗauke ta kamar yaron shago da ake aike ɗakin ajiya ya ɗauko kaya. Lambobin da ake gani jikinta, misali 16-18-18-36, su ne ɗan lokacin da ake ba shi ya gano kaya kafin ya miƙo. In an rage lambobin, aike zai yi sauri, amma in an matsa masa fiye da kima, sai ya kawo shadda alhali atamfa aka ce.

To, a nan hatsarin yake. Kwamfuta na iya mutuwa ana tsakar aiki, ko ta ƙi tashi sam, har sai an cire ɗan batirin nan CR2032 da ke cikinta ta koma saitinta na asali. Mafi muni shi ne ta ci gaba da aiki tana lalata fayil a ɓoye, ranar biyan bashi a tarar littafin ya ƙi buɗewa. Ga shi kuma rage lambobin kan buƙaci ƙarin wuta, wuta kuwa zafi take haifarwa, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka.

Ba mu ce abin ƙarya ba ne. Tun 2007 kamfanin Intel ya fito da XMP, saitin da masu ƙera RAM suka riga suka gwada, kuma masu wasannin kwamfuta suna cin moriyarsa. Sai dai mai Excel da Word da wuya ya lura da wani bambanci. Bugu da ƙari, yawancin kwamfutocin ofis na hannu, irin su HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwanninmu, an rufe wannan ƙofa a cikinsu. Ke nan ana iya karɓar kuɗinku ba a taɓa komai ba.

Abin da ya fi shi ne a ƙara RAM daga giga 4 zuwa 8, a tabbatar irinta ce, domin DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4. A sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD, a kuma busa ƙura. Wanda ya nace sai an taɓa saitin, ya fara kwafe lissafinsa a wani wuri, sannan a gwada na'urar da MemTest86 na wasu awoyi kafin ya biya.

Masu salula ma ku lura. In kun ga an rubuta 8+8 a kwali, giga 8 ce ta gaske, sauran aro ne daga ma'ajiyar hotuna, kuma ba ta kai ta asali sauri ba.

Hajiya dai mun ce ta riƙe jikkarta biyar, ta tara ta sayi SSD. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.