Ray Charles: Makaɗin Fiyano da Ya Mallaki Waƙarsa

Manufar wannan lacca ita ce a duba rayuwar Ray Charles, makaɗin fiyano kuma mawaƙi na ƙasar Amurka, domin a gane abin da ake nufi in an ce mawaƙi yana cin gashin kansa. Da yawa daga cikin mawaƙa sun yi suna, amma kaɗan ne suka mallaki abin da bakinsu ya furta. Shi kuwa ya yi sunan, ya kuma riƙe dukiyar.

An haife shi ran 23 ga Satumba, 1930, a garin Albany na jihar Jojiya, ya kuma tashi a Greenville ta jihar Fulorida cikin talauci mai tsanani. Tun yana ɗan ƙarami wani mai shagon shaye-shaye na garin, Wylie Pitman, ya fara ɗora masa hannu a kan fiyano. Yana wajen shekara biyar ƙanensa ya nutse cikin bahon wanki a gaban idonsa, kafin ya cika shekara bakwai kuma ya makance. Mahaifiyarsa ba ta yarda ya dogara ga tausayin jama'a ba. Daga 1937 zuwa 1945 ya yi karatu a makarantar makafi da kurame ta St. Augustine, inda ya koyi karanta kiɗa da rubutun makafi. Hanyar tana da wuya ainun, domin sai ya shafa rubutun da hannu ɗaya yana kaɗawa da ɗayan, sa'an nan ya haddace kashi biyun ya haɗa su. Wannan horo shi ya ba shi ikon tsara wa makaɗa da yawa kiɗa da ka.

Mahaifiyar ta rasu a 1945, sai ya bar makaranta ya shiga yawon kiɗa. A 1948 ya koma birnin Seattle. A wannan zamani kwaikwayon Nat King Cole yake yi, ba shi da salon kansa. Sai bayan da kamfanin Atlantic ya sayi kwantiraginsa a 1952 ya gano hanyarsa, watau haɗa karin waƙoƙin majami'un baƙaƙen fata da zancen soyayya na duniya. Waƙarsa "I Got a Woman", wadda ya naɗa a 1954, ita ce ta buɗe wannan ƙofa. Masu addini sun zarge shi da wasa da abin ibada, amma matasa suka karɓa hannu bibbiyu, daga nan kuwa salon da ake kira "soul" ya tsiro.

To, ina 'yancin yake? A al'adar kamfanonin faifai na wancan lokaci, uwar faifai, watau ainihin naɗin da ake buga sauran daga gare shi, ta kamfani ce. Mawaƙi yakan sami ɗan kaso kawai, kamfani kuwa ya yi ta sayarwa har bayan mutuwarsa. Ashe ke nan mawaƙi bara ne, kamfani ubangida. A 1959 Ray Charles ya koma kamfanin ABC-Paramount bisa sharuɗɗan da ba a saba gani ba: kuɗin kafin-alƙalami dala 50,000 kowace shekara, da kaso mafi tsoka, da kuma alkawarin cewa uwayen faifansa za su zama mallakarsa. A 1962 ya kafa kamfaninsa mai suna Tangerine, daga baya ya gina ɗakin naɗar sauti na kansa a Los Angeles.

Amfanin wannan 'yanci ya bayyana nan da nan. A 1962 ɗin ya fitar da faifan waƙoƙin "country", waɗanda a lokacin ake ɗauka kiɗan fararen fata na karkara ne. An ji tsoron zai rasa masoyansa baƙaƙe, sai ga shi faifan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kasuwa a rayuwarsa. Haka kuma a 1961 ya ƙi yin wasa a garin Augusta na Jojiya, saboda an ware baƙaƙen fata daga farare a zauren, aka ci shi tarar karya alkawari. Bayan shekara 18, a 1979, jihar ta ɗauki "Georgia on My Mind", wadda muryarsa ta shahara da ita, ta zama taken jiha.

Sai dai akwai wani ubangida da ya daɗe bai kuɓuta daga hannunsa ba, watau ƙwayar hiroyin. Ya yi shekara wajen 17 yana fama da ita, har aka kama shi a Boston a 1964. Gudun kurkuku ya sa ya shiga asibiti a 1965, ya kuma rabu da ita. Ya rasu ran 10 ga Yuni, 2004, yana da shekara 73.

A ƙarshe, ya kamata ɗalibin waƙa da ma'aikacin da ke kula da haƙƙin mallaka su lura da abu guda. Baiwa ita ta sa kamfanoni suka nemi Ray Charles, amma sanin abin da zai sa wa hannu a takarda shi ya hana su cinye guminsa. Duk wanda zai auna 'yancin wani mawaƙi, sai ya fara da tambayar wa ke riƙe da uwar faifansa.