Maki 280 Amma Babu Gurbi: Yadda Jami'o'in Najeriya Ke Tace Ɗalibai

Da zarar jami'o'i sun fara sakin sunaye, sai ƙorafi ya cika gari. Yaro ya ci maki 280 cikin 400 a jarrabawar JAMB amma shiru kake ji, maƙwabcinsa mai 220 kuwa har ya biya kuɗin rajista. Nan take iyaye kan ce sanayya ce. Ba a rasa irin wannan, amma galibi amsar tana cikin yadda ake rabon guraben.

An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma tun 2017, a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, ɗaukar ɗalibai ta koma kan manhajar CAPS. Jami'in da ke wannan aiki ba tulin takardu yake bi ba. Kwamfuta ce ke jero masa waɗanda suka nemi kowane kwas, daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, shi kuma ya shiga tankaɗe da rairaya.

Abin da ake fara dubawa shi ne sakamakon sakandare: kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, har da Turanci, da kuma Lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai. Ɗalibin da ya yi rajista yana jiran sakamako, ya fito bai je cibiyar jarrabawa an ɗora masa shi ba, ba za a ma yi lissafi da shi ba, ko maki nawa ya ci.

Daga nan sai batun maki. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. To amma wannan ƙasan tsani ne kawai. Kowace jami'a na da nata ma'aunin, kowane sashe ma haka, kuma da yawa sukan yi tasu tantancewar su haɗa makinta da na JAMB. Guraben ma ƙidayayyu ne. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da jami'a za ta ɗauka, a likitanci kuma Majalisar Likitoci ta MDCN tana da nata adadin da ba a ƙetarewa. Shi ya sa 280 kan gaza a likitanci, 220 ta wadatar a wani sashen.

A jami'o'in tarayya kashi uku ake raba guraben. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, ko daga ina ɗalibi ya fito. Kashi 35 na jihohin da aka ware wa jami'ar ne a matsayin yankinta. Ragowar 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko ne, irin su Jigawa, Yobe, Zamfara, Ebonyi da Bayelsa. Ke nan yara biyu masu neman kwas ɗaya na iya kasancewa a layi daban-daban.

Suna kan bi ta hannu uku kafin ya fito: jami'in ɗaukar ɗalibai ya gabatar, shugaban jami'a ya amince, JAMB ta duba ko an bi ƙa'ida. Idan an tsallake wani mai maki sama ba tare da dalili ba, hukumar na iya mayar da jerin. Bayan haka ne saƙo zai bayyana a shafin ɗalibi na CAPS, da zaɓi biyu: karɓa ko ƙi. Wanda ya yi sakaci har wa'adi ya wuce yana iya rasa gurbinsa. Haka ma idan an yi masa tayin wani kwas, sai ya amince da kansa sannan aiki ya ci gaba.

Don haka iyaye, kafin a nemi mai hanya, a fara buɗe shafin yaro a ga ko an ɗora sakamakonsa. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma mai shi kan ga ta kansa ranar da ya zo tafiya hidimar ƙasa.