Gasar Karnukan Tsaro A Jamus

A nan zango, gadi da farauta kawai muka san kare da su. Amma a Jamus, inda Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu karen makiyaya a 1899, horon kare wasa ne mai alƙali. Gasar, wadda ake kira IGP tun 2019, kashi uku ce: bin sawu, biyayya da tsaron ubangida, kowanne maki 100. Kare yakan cafke hannun riga mai kauri da wani ya sa, amma da an ce ya saki, dole ya saki. In ya ƙi, an fitar da shi.

Mu da ke ɗaure kare yini guda don ya yi zafi, ran da ya tsinke ya kama ɗan maƙwabci, maganar wa zai ji?