Sunanka Bai Yi Daidai Ba

Duk wanda ya taɓa bin fayil a ma'aikatar gwamnati a shekarun baya ya haddace amsoshin da ake bayarwa: oga ba ya kan kujera, fayil yana hannun masinja, a dawo ranar Litinin. Yanzu amsoshin sun sauya. Ko dai a ce maka babu sabis, ko kuma ma'aikaci ya dubi kwamfuta, ya ɗago ya dube ka, ya ce, "Malam, sunanka bai yi daidai ba." Wannan ta biyun ta fi ɗaure kai, domin mutum yana amsa sunansa tun ranar da aka yanka masa rago.

Rigimar ta harafi ce. A takardar firamare an rubuta Mohammed, a banki Muhammad, a katin zaɓe Muhammed, wani malamin sakandare mai sauri kuma ya taƙaita shi zuwa Moh'd. Tsohon akawu ya san duk mutum ɗaya ne, zai buga hatimi ya sallame ka. Kwamfuta kuwa mutum huɗu take gani, kuma ba ta jin rantsuwa.

Kafin mu shiga wannan, a faɗi gaskiya: mayar da aikin gwamnati kan na'ura ya yi wa Najeriya rana, musamman ta ɓangaren kuɗi, inda aka fara. A 2007 gwamnatin tarayya ta ɓullo da IPPIS, tsarin biyan albashi daga wuri ɗaya kai tsaye zuwa asusun ma'aikaci, maimakon a danƙa wa kowace ma'aikata kuɗi ta raba da kanta. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke ɗaure da zanen yatsun mai asusu. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Mutum na iya ƙirƙiro suna goma ya buɗe asusu goma, amma yatsun da zai dangwala dai nasa ne, don haka duk asusun za su taru a ƙarƙashin lamba ɗaya. Da aka gwama jerin masu karɓar albashi da BVN, sai asiri ya tonu. A watan Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi, waɗanda ke laƙume sama da naira biliyan 2 a kowane wata. Haka kuma asusun bai-ɗaya na TSA, wanda aka tilasta aiki da shi a 2015, ya tattaro kuɗin gwamnati daga dubban asusu da ke warwatse a bankunan kasuwanci zuwa Babban Banki. Tun daga lokacin mai biyan kuɗin jami'ar tarayya ya san manhajar biyan kuɗi ta Remita, ya san cewa ba a miƙa wa kashiya tsabar kuɗi ta taga.

Ba wai hakan ya toshe kowace kafa ba. A watan Mayun 2022 EFCC ta kama Akanta Janar na Tarayya na lokacin, wanda ofishinsa ne ke riƙe da waɗannan tsare-tsare, bisa zargin karkatar da biliyoyin nairori, zargin da ya musanta a kotu. Malaman jami'a ma sun yi shekaru suna kokawa da IPPIS, suna cewa bai san yanayin aikinsu ba, har aka tsame jami'o'i daga cikinsa a ƙarshen 2023.

Sai batun lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda ita ce ta shiga gidan kowa. An kafa hukumar NIMC da dokar 2007, bayan katin shaida na zamanin Obasanjo ya ƙare da badaƙalar cin hanci. Shekara da shekaru rajistar tana tafiyar hawainiya, don babu abin da ya matsa wa kowa. A watan Disambar 2020 ne Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da NIN, ko a rufe shi. Wa'adin farko makonni biyu ne kacal. Jama'a suka yi dafifi a ofisoshin hukumar tun kafin asuba, a daidai lokacin da gwamnatin nan take gargaɗin a guji cunkoso saboda korona. An yi ta ƙara wa'adi har zuwa Afrilun 2022, sa'ad da aka hana miliyoyin layuka kiran waya. JAMB ta riga ta sa NIN cikin sharuɗɗan rajista tun 2021. Fasfo ma sai da ita, haka rancen ɗalibai. Matsin ya yi aiki: a 2023 masu lambar sun haura miliyan 100, Legas a gaba, Kano na biye.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Kafin NIN ta kankama, kowace hukuma ta riga ta gina rumbunta na bayanai. Hukumar zaɓe ta ɗauki yatsunka, banki ya ɗauka, kamfanin waya ya ɗauka, masu lasisin tuƙi da masu fasfo duk sun ɗauka, kowa da ranarsa, kowa da mai buga masa suna. Da aka zo haɗa rumbunan, sai kowane ɗan saɓani ya fito fili, kuma tsarin sunayenmu ya fi na kowa shan wahala a wannan gwaji.

Fom ɗin gwamnati yana da akwati uku: sunan iyali, sunan farko, sunan tsakiya. Bahaushe kuwa ba shi da sunan iyali irin na Turawa wanda ke gangarowa daga kaka zuwa jika. Sunansa yake ɗauka da na mahaifinsa, wani lokaci ya ƙara na garinsu, kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari. Ibrahim ɗan Musa na Ɗanbatta zai iya zama Ibrahim Musa a makaranta, Musa Ibrahim a banki saboda mai cika fom ya juya akwatunan, Ibrahim Musa Ɗanbatta a wurin aiki. Mace kuma tana iya zama A'isha a nan, Aishatu a can, ga sunan miji ya shigo bayan aure. Ba a ma maganar wanda duk unguwa ta sani da Ɗanlami ko Talatu alhali sunan yanka daban. Su kansu haruffanmu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, ba su da gurbi a yawancin waɗannan fom.

Ranar haihuwa ta fi suna rikici. Mutane da yawa, musamman a karkara, ba a yi musu takardar haihuwa ba. Abin da uwa ta riƙe shi ne an haife shi da damina, shekarar da aka yi kaza. Idan mai rajista ya matsa, sai a ba shi 1 ga Janairu, ko duk ranar da ta zo baki, bayan shekara biyar kuma a wani ofishi a ba da wata. Ba ƙarya aka yi niyya ba (ko da yake akwai masu rage shekaru don neman aiki, su ma sun san kansu). Amma ranar da yaro zai yi rajistar JAMB, ko tsoho zai bi haƙƙinsa na fansho, sai a tarar ranakun sun saɓa. Daga nan sai kotu don takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida, sai biyan kuɗin gyara, sai jira.

Wanda ya ci ribar wannan hali shi ne mai shagon intanet na bakin sakateriya. An ce komai ya koma waya, kowa ya yi da kansa daga ɗakinsa. Amma shafin da Turanci yake, yana son babbar waya da data da sabis mai ƙarfi, yana son ka ɗora hoto mai wani girma na musamman. Dattijon da ya zo daga ƙauye ba zai iya ba, sai ya miƙa takardunsa ga wani yaro mai kwamfuta, ya biya kuɗin gwamnati, ya biya ladan aiki. Rajistar NIN kyauta ce a hukumance, amma kowa ya ji labarin inda ake karɓar "kuɗin mai" don tayar da janareto. Ɗan tsakiyan da aka ce an kora daga cikin ofis, waje ya fito ya kama shago. Kuma sau da yawa a hannunsa ake sake yin wani kuskuren harafin.

Jiki ma yakan ƙi ba da haɗin kai. Yatsun manomi da na maƙeri da na matar da ta shekara arba'in tana daka sukan goge har na'ura ta kasa karantawa. A zaɓen 2015 shi kansa shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, sai da na'urar tantancewa ta ƙi gane yatsansa a Otuoke, duniya tana kallo. Shi ya sa na'urar BVAS da ta gaje ta take duba fuska idan yatsa ya ƙi. Sabis kuwa ba ko'ina yake ba. A watan Satumbar 2021 gwamnati da kanta ta katse layukan waya a Zamfara, daga baya da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga, alhali wa'adin haɗa layi da NIN yana ta tafiya.

Masu wannan fanni suna yawan kafa misali da Istoniya, wata 'yar ƙasa a arewacin Turai wadda jama'arta ba su kai na birnin Kano ba. Girman ba ɗaya ba ne, kuma ba na cikin masu cewa a kwafo komai nasu. Amma ƙa'idoji biyu nasu sun cancanci a duba. Tun 2001 suka gina wata hanya mai suna X-Road wadda rumbunan hukumomi ke magana da juna ta cikinta, suka kuma ɗauki ƙa'idar cewa abin da ɗan ƙasa ya faɗa wa gwamnati sau ɗaya, ba a sake tambayarsa. Hukumar da ke buƙata ta nema wajen 'yar'uwarta. Ta biyu, ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga wace hukuma ce ta leƙa bayanansa. Wato nauyin daidaita takardu yana wuyan gwamnati. A wajenmu an juya lamarin: hukumomi ne suka rubuta sunan mutum ta hanya huɗu, shi kuma ake aikawa ya sasanta su da kuɗin aljihunsa.

Idan kuskuren na gwamnati ne fa? A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon rumfuna bai hau shafin IReV na hukumar zaɓe a kan lokaci ba kamar yadda aka yi alkawari, hukumar zaɓe ta ce tangarɗar na'ura ce, kuma har yau akwai waɗanda wannan bayani bai gamsar ba. A 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'urorinta ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas. Shugabanta, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya nemi gafara har da hawaye, aka sake musu jarrabawa. Ni dai na yaba masa, don ba kasafai ake ganin haka ba. Sai dai ba a kai ga wannan amsa ba sai da iyaye da ɗalibai suka yi kwanaki suna kururuwa.

Akwai kuma tambayar wa ke gadin rumbun da muka zuba yatsunmu da hotunanmu da adireshinmu a ciki. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, aka kafa mata hukuma. Bayan shekara guda, ƙungiyar Paradigm Initiative mai fafutukar haƙƙin jama'a a intanet ta bayyana cewa wasu shafuka na sayar da bayanan 'yan Najeriya ga duk mai so. Don ta tabbatar, ta ce ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, da ta shi kansa shugaban hukumar kare bayanan. NIMC ta ce ba a kutsa cikin rumbunta ba, ta kuma gargaɗi jama'a game da irin waɗannan shafuka. Kuɗin da ƙungiyar ta ce ta biya a kan kowace takarda naira 100 ne. A wancan lokacin, wanda ke son gyara ranar haihuwarsa a kan NIN ɗinsa sai ya tanadi abin da bai gaza naira 15,000 ba, ban da kuɗin kotu da na mai shago.